Fitilar da Ban Zura Ba

Abin da zan faɗa ya faru ne a daminar da aka rufe bodar Maigatari karo na biyu, lokacin da manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Shekara uku ke nan bayan ciwon nan da ya hana mutane zuwa Makka, shekara tara da rasuwar maigidana. Gero ya fara fitar da kai, ba a kai ga tumu ba. Ni ban san biro ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba na bukatar a tuna mini.

Mu gidanmu gidan haƙa rijiya ne. Daga ƙauyukan Gagarawa har ka dangana da Sule Tankarkar, da wuya ka sha ruwan tsohuwar rijiya wadda babu hannun ubana ko na kakana a cikinta. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa yana nesa, sai an yi gaba ashirin ko fiye kafin a ga danshi. Ubana ya daɗe bai sami namiji ba, saboda haka ina shekara bakwai ya danƙa mini zaren fitila. Aikina ke nan: kafin mutum ya shiga rijiya, ni ke zura wuta.

Kada ku ɗauka wasa ne. Aci-balbal ce, a zaunar da ita cikin gwangwani mai faɗi, a ɗaure gwangwanin da zare uku don kada ya karkace. Doguwar igiyar kuma an yi mata ƙulli, gaba ɗaya ƙulli ɗaya. Ba a sakin ta da sauri. Kowane ƙulli sai ka tsaya, ka kwanta rub da ciki a bakin rijiya, ka zuba wa harshen wutar ido. In iskar ƙasa lafiyayya ce, wutar tana tsaye, ja-ja-wur da ita. In akwai matsala sai ka ga ta fara tsugunawa, ta yi shuɗi, ta rabu da lagwani kamar mai son tashi sama, daga nan sai hayaƙi. To ranar ba mai shiga. A sare rassan darbejiya, a ɗaure su, a yi ta zurawa ana fizgowa har muguwar iskar ta fito, a bar bakin a buɗe, gobe a sake gwadawa. Ubana ya faɗa mini sau ɗaya, ban manta ba: abin da wuta ke ci a cikin iska shi mutum ke ci, inda ta mutu nan zai mutu.

Yaron ubana na aura, wanda ya koyi aiki a hannunsa. Shi ma bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. Ko ina goyo, in za a shiga rijiya sai na yafa mayafi na bi su. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa fito mana da gawa ba. Ku tambaya ku ji.

Na haifi tara, biyu ne suka shiga wannan labari: na fari da auta.

Na farin namiji ne, shi ya gaji sana'ar. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna rungumar su kuna kiran sunansu a tsakar gida. Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta yaye shi, ita ta raine shi. In ya yi zazzaɓi ba na tambaya, sai dai in kasa kunne in ji abin da ake faɗa. In zan ba shi abinci sai in ajiye in ce, “A gaya wa wancan ga tuwo nan.” Haka aka yi mini, haka na yi. Da ubansa ya rasu, ya zama duk ranar da za su shiga rijiya sai ya zo ƙofar ɗakina da sassafe, ya tsuguna, ya ce, “Inna, za mu shiga.” Ba na amsawa. In ɗauki fitila, ya yi gaba, in biyo shi daga nesa. In na gama zurawa in ce wa mutanen da ke wurin, “Ta karɓa,” ko “Ta ƙi.” Iyakar hirarmu ke nan, ni da shi, shekara da shekaru. Ya kai arba'in da wani abu, da matarsa da 'ya'ya biyar.

Auta kuwa mace ce, ita na sake wa fuska. Ita kaɗai ta yi boko mai nisa. Daga makarantar 'yan mata a Gumel ta wuce Kano, daga Kano sai ƙasar Turawa, wata mai sanyi da ba na iya faɗin sunanta. Da igiyar yayanta ta yi karatun nan, kowa ya sani. Ana ce mata Dakta, amma ba ta duba marar lafiya. Na sha tambayarta a waya, “To ke Daktar mene ce?” Sai ta yi dariya ta ce sai ta zo.

A wannan daminar ta zo, kwana goma ta yi. Ana saura kwana biyu ta koma, bayan azahar, ta kira mu ɗakina ta saki labule don hasken rana ya ragu. Ni, da yayanta, da matarsa. Ta buɗe wani allo mai kamar faranti ta ce, “Inna, yau zan nuna miki aikina.”

Na ga baƙi wuluk, sai wasu abubuwa kamar tabon mai a kan ruwa, cikinsu ɗige-ɗige ja da kore suna ƙyalli.

Na ce, “Wannan zanen atamfa ne?”

Ta ce, “Inna, naman jiki ne, kuma da ransa. Jikin mutum 'yan ɗakuna ne ƙanana jere da juna, kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu sai da madubi na musamman. Kowane ɗaki numfashi yake yi. Akwai wani abu a cikin iska, oksijin muke ce masa, shi jini ke kai wa kowane ɗaki. Ni aikina in san nawa ne ya isa can ciki.”

Yayanta ya ce, “Kai, Auta! Ta wace ƙofa kike shiga?”

Ta ce, “Yaya, ba ni ke shiga ba, aike nake yi.” Ta ce suna haɗa wani gari ne, ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, in ka jera ƙwayarsa ɗari-ɗari ba su kai kaurin gashin kai ba. A cikin kowace ƙwaya an ƙunshe rini iri biyu, ja da kore. Sai a zuba garin a ruwan da 'yan ɗakunan nan suke kwance a ciki, su haɗiye shi da kansu, ba tare da ya kashe su ba. In an haska musu wani haske, sai ƙwayoyin su amsa da nasu hasken. Jan shi ne ɗan aike. Inda oksijin ya wadata sai ya dushe, inda ya yi ƙaranci sai ya ƙara haske. Ta nuna mini wani wuri a tsakiya da ya yi ja kamar garwashi ta ce, “Kin ga nan? Tsakiyar ƙullutun ciwon daji ne. Iska ba ta isa wurin, shi ya sa magani ke shan wuya a kansa.”

Gaskiya abin ya shiga raina. Na matso. Na ce, “Wato ke ma fitila kike zurawa.”

Ta tafa hannu ta ce, “Wallahi Inna, haka ne!”

Na ce, “Amma taki a juye take. Tawa in iska ta ƙare mutuwa take yi, taki kuma murna take yi.”

Ta ce, “A juye take.”

Na ce, “Koren fa? Na ga shi ko'ina ɗaya ne.”

Ta ce, “Shi ba ruwansa da iska, da akwai da babu haka yake. Shi kaɗai ba ya gaya miki komai. Mun sa shi ne don mu auna jan da shi.”

Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labari. Amma yayanta yana cikin farin ciki, ƙanwarsa ta zama abin da ta zama. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Ya dubi matarsa ya ce, “Kin ji ko? Fitilar Auta cikin tsoka take shiga. Ta Inna ko rijiya sai an ɗaura mata igiya.”

Matar ta rufe baki da gefen zane tana dariya ta ce, “Kuma ta Dakta ba ta shan kananzir.”

Auta ta ce, “Inna, ina fitilar take? Don Allah ɗauko in ɗauki hotonta in nuna wa abokan aikina. Irin wannan ai a gidan kayan tarihi ya kamata a ajiye ta, a rubuta cewa haka mutanen da suke yi.”

Mutanen da. Ina zaune, da raina, wata biyu da zura fitilar nan a wata rijiya ta wajen Gagarawa har ta ƙi, na hana mutum uku shiga. Yanzu na san ba da raini ta faɗa ba, a wurinsu yabo ne a ajiye abu a bayan gilashi. Amma a lokacin ji na yi kamar an tuɓe mini ɗankwali a kasuwa. Kuma a gaban matar ɗa.

Na ce, “Ba za a ɗauki hotonta ba. Tunda ilimi ya shigo gidan nan, kada wanda ya ƙara tsugunawa a ƙofata. Ku auna da naku hasken.”

Auta ta ce, “Haba Inna, wasa ne fa.”

Na ce, “Ɗage mini labule, zafi nake ji.”

Shi kuwa yayanta ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita. Halina ne da shi, ba na ubansa ba. Da ubansa ne, da ya dawo da yamma ya lallashe ni.

Ranar Laraba ta tafi. Ta durƙusa ta ce in yafe mata, na ce na yafe, na sa mata albarka, na ƙulla mata kuka da daddawa. Ba ta san ana shirin shiga rijiya ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ga yadda zancen rijiyar yake. Shekara shida kafin nan an kawo mana famfon sola, sai aka rufe tsohuwar rijiyar unguwa da itatuwa da kwano, aka bar ta. Ubana ne ya haƙa ta, gaba ashirin da biyu. A farkon wannan daminar tsawa ta ƙone injin famfon, aka yi ta jiran masu gyara ba su zo ba. Mata suka koma ɗiban ruwan tafki, yara suka fara gudawa. Mai unguwa ya ce a buɗe tsohuwar a yashe ta. Wa za a kira in ba ɗana ba? Aka sa ranar Asabar.

Ni na san abin da rijiyar da ta shekara shida a rufe take ƙunshe da shi. Ganye ya faɗa, ɓeraye sun faɗa, duk sun ruɓe a ƙasa, ga damina. Tun ranar Juma'a na ɗauko fitila na goge ta da toka. Na yanke sabon lagwani. Akwai ɗan kananzir da nake ɓoyewa a kwalbar magani, don yanzu samunsa sai an je Gumel, na juye shi duka. Na bi ƙullin igiyar ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na tura komai ƙarƙashin gado, na zauna jira.

Da safiyar Asabar na ji takun ɗana. Ya tsaya a ƙofa. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin asabari, da tsagar nan ta diddigensa.

Ya ce, “Inna, ina kwana.”

Na ce, “Lafiya.”

Ina ta jiran kalma uku, waɗanda ya saba. Da ya ce “za mu shiga,” wallahi da ban bari ya rufe baki ba. Amma bai tsuguna ba, na hana shi tsugunawa. Ya ce, “Za mu je wajen rijiyar nan.”

Na ce, “Allah ya taimaka.”

Ƙafafun suka daɗe a wurin. Na ga babban yatsansa yana tonon ƙasa. Sannan suka juya.

Na ce a raina, ɗan gidan nan ne, ba zai shiga ba wuta ba. Zai je ya buɗe, ya leƙa, ya aiko a ce Inna ta zo. In an aiko zan ɗan ja rai, sannan in tashi. Har na shirya abin da zan faɗa a bakin rijiyar, yadda kowa zai ji: ina masu ilimin? Kuma ko da zuciyata ta ce in bi shi, ta yaya? Uwa ta bi ɗan fari a baya ba a kira ta ba, a ce ta damu da shi? Na zauna ina tsinke zogale, ina kallon rana tana hawa katanga.

Abin da ya faru a can daga baya aka faɗa mini. Akwai abokinsa tun na yarinta, shi ke riƙe masa igiya, ranar Alhamis kuma yana kasa tocila da rediyo a kasuwar Maigatari. Da suka ɗage kwanon, abokin ya ce, “Ina Inna?” Ɗana ya ce, “Inna ta yi ritaya.” Aka yi dariya. Ya ba su labarin aikin ƙanwarsa, yadda ake auna iska da haske har a cikin tsoka, ba wuta ba hayaƙi. Abokin ya ce, “To ai shi ke nan, in dai haske ne ga shi a aljihuna, wannan ta fi aci-balbal ɗari.” Ya zaro sabuwar tocila mai caji. Suka ɗaure ta da zare, suka zura a hankali, har suna tsayawa gaba-gaba yadda suka ga ina yi. Ta sauka har kan ruwa tana haske. Suka bar ta jimawa. Suka jawo ta tana haske. Wani ya ce, “Ta karɓa!”

Za ku ce, mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana shiga rijiya bai san wannan ba? Bai sani ba. Ya ga haske yana sauka, ya ga haske yana dawowa, ya ji ana cewa ta karɓa. Ubansa ya bar mini wannan ɓangaren, bai koya masa ba. Dattawan da suka sani sun mutu, sauran suna gona. Maganar da ubana ya faɗa mini, cewa abincin wuta da na mutum ɗaya ne, a bakina ta tsaya. Ban taɓa zama da shi na faɗa masa ba. Ai ba ma zama.

Ya rataya tocilar a wuya, ya zauna a kan sandar da ke ƙarshen igiya, suka fara sakinsa. Abokin ya ce har gaba goma yana yi musu barkwanci, yana cewa a gaya wa mai unguwa ya tanadi fura. Can sai maganar ta fara ja. Sai suka ji igiya ta yi sakayau.

Ihun matarsa na fara ji. Ban san lokacin da na jawo fitilar ba, ban san na fita ba mayafi ba. Na iske bakin rijiya cike da mutane, sun jawo igiya da sanda ba kowa a kai. Abokin ya tuɓe riga yana ɗaura igiyar a ƙugunsa, wasu biyu na cewa su ne za su bi bayansa.

Na ce, “Ba mai shiga.”

Ya ce, “Inna, yana ciki! Ga shi can ina ganinsa!”

Na ce, “Na ce ba mai shiga. Ku riƙe shi.”

Ya ce, “Ɗanki ne fa, Inna!”

Na ce, “Na fi ka sani. Ba ni ashana.”

Na kwanta rub da ciki kamar yadda na saba tun ina shekara bakwai. A can ƙasa ga tocilar nan fes, ta haske gefen fuskarsa da kafaɗarsa, rabinsa a cikin laka. Ba ya motsi. Na kunna, na fara saki. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ƙulli na takwas wutar tana tsaye. Na goma ta fara tsugunawa. Na sha ɗaya ta yi shuɗi. Ban kai na sha biyu ba sai hayaƙi. Saura gaba goma tsakaninta da shi.

Na ce, “Ta ƙi. A saro darbejiya.”

Aka yi ta bugun iska. Maza suna karɓa-karɓa, rassa na sauka suna hawa, ni kuma bayan kowane ɗan lokaci in sake kunnawa in zura. Sha uku. Sha biyar. Abokin yana zaune a ƙasa an riƙe shi yana kuka kamar mace, yana zagina, yana zagin kansa. Na ji wata a bayana tana cewa, “Wannan tsohuwa zuciyarta dutse ce, ɗanta na ƙasa tana ƙirga ƙulli.” Ban waiwaya ba. Da na bar su, huɗu za a jera a ranar maimakon ɗaya, kuma ita mai maganar ɗaya daga cikinsu mijinta ne. Sai bayan la'asar wutar ta sauka har ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Na ce, “Ta karɓa.” Abokin ya shiga ya ɗauro shi. Da aka fito da shi tocilar tana wuyansa, ba ta mutu ba. Wani ne ya sa hannu ya kashe ta.

Ban yi kuka a gaban mutane ba. Ba a yi wa ɗan fari. Masu gaisuwa suna cewa, “Sannu da haƙuri,” ina cewa, “Haƙuri sai matarsa da 'ya'yansa.”

Auta ba ta samu zuwa ba sai sadakar arba'in. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da mutane suka ragu ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa, ta fito da wani abu rawaya kamar ƙaramar rediyo ta ajiye a gabana.

Ta ce, “Inna, wannan in an zura shi rijiya, in iska ba kyau ƙara yake yi. Na kawo wa masu aikin.”

Na ce, “Yaushe aka ƙera shi?”

Ta ce, “Ya daɗe, Inna.”

“Tun kafin ki tafi can?”

Ta ce, “Tun kafin.”

Na ce, “Kin san da shi duk shekarun nan da yayanki ke shiga rami?”

Ta ce, “Ban taɓa kawowa a raina ba. Na san kina nan.” Sai ta fashe da kuka. Ta ce, “Inna, da an tambaye ni, da kalma ɗaya zan ce tocila ba ta cin iska. Yaro ɗan firamare a can ya san wannan. Me ya sa ba wanda ya buga mini waya?”

Na ce, “Ke wa kika tambaya? Kwana goma kika yi a gidan nan. Kin san yawan iskar da ke cikin abin da ido ba ya gani, a ƙasar da ba ta ubanki ba. Kin taɓa cewa, Yaya, yaya numfashi yake a gaba ashirin? Kin zo kin nuna masa haske, kin tafi kin bar shi da rabin magana.”

Ta ce, “Haka ne, Inna.” Ba ta kare kanta ba. Da ta yi gardama da na ji sauƙi.

Sai ta ɗago ta ce, “Amma ke me ya hana ki zuwa ranar?”

Na ce, “Ba a kira ni ba.”

Ta dube ni, na dube ta. Ban gaya mata na goge fitila tun Juma'a ba, ban gaya mata na ga ƙafafunsa a ƙofa ba. Har yau ba ta sani ba, sai in wannan rubutun ya je hannunta. Na ɗora mata kayan da na san rabinsa nawa ne, ta ɗauka ta hau jirgi da shi. Na ga tana ɗauka, ban ce ta sauke ba.

Abin rawayan na ba mai unguwa. An yi amfani da shi sau biyu ko uku, daga baya wani abu ya ƙare a cikinsa wanda ba a samu ko a Kano, aka jefa shi a akwati. Masu gyaran famfo kuma sun zo, kwana tara bayan an binne shi. Aikin bai ɗauke su wuni ɗaya ba.

An ce mini aikin Auta ya ci gaba, har wasu ƙasashe suna kiranta ta je ta yi bayani. Ba na ce ba shi da amfani. Wataƙila wata rana a warkar da wani da shi, ɗan wata. Tana bugo waya duk Juma'a. Ta ce, “Inna, ya gwiwa?” In ce da sauƙi. In ce, “Ya sanyi?” Ta ce da sauƙi. Ba ta ƙara yi mini zancen aikinta ba, ni ma ban ƙara tambaya ba, alhali ina so in sani ko sun gano yadda za su kai iska tsakiyar ƙullutun nan.

Cikin waɗanda suka tsaya a bakin rijiyar ranar, mai unguwa ya rasu bara da azumi. Wadda ta ce zuciyata dutse ce tana nan, da mijinta, sun aurar da 'ya biyu tun daga lokacin, in mun haɗu a gidan suna ita ke fara kawar da kai. Matar ɗana ta yi wani auren a Sule Tankarkar, ta tafi da ƙananan uku, manyan biyu suna wurin baffansu a Gumel, ɗaya na tuƙa keke mai ƙafa uku, ba wanda ya taɓa igiya a cikinsu. Abokin yana nan da ransa a Maigatari, ya koma dakon buhuna a tasha. Duk sallah sai ya zo ya tsuguna a ƙofata, ya gaishe ni, in amsa, ya daɗe a tsugune, ya tashi ya tafi. Auta tana can. Sai ni, da haƙorana huɗu, ina cin tuwo ina ƙoshi, ba abin da ke damuna a jiki sai gwiwa.